Rizfa a Zuru

Ran Lahadi fasto ya wuce ta da sauri,
aya biyu, ya koma kan sarakuna.
Kaka Damaris ta taɓa gwiwata:
"In mun je gida, ki sake karanta min matar nan."

Na karanta. Rizfa, 'yar Aiya.
An rataye mata 'ya'ya biyu a kan tudu,
ta shimfiɗa tsumma bisa fā
tun farkon girbi har ruwa ya sauko,
da rana tana korar ungulu,
da dare tana korar kura.
Ba ta roƙi kowa ba. Zama ta yi.

Kaka ta ci gaba da ɓarar gyaɗa.
Nata ɗan, Manasa, soja ne;
akwatin ƙarfensa aka kawo mata
da takalmi ƙafa ɗaya.

"Ita ai tana ganin abin da take tsaro," ta ce.

Washegari tun asuba tana gona bayan dutse,
gwangwani a hannu, tsakuwa a ciki,
tana korar jan-baki daga kan dawa.
Har bakin rafi nake jin muryarta.
Ba tsuntsaye kaɗai take wa tsawa ba.