Jinyar Mesa a Kaltungo

Shekara ashirin da bakwai ina ɗakin masu saran maciji.
Na ga ƙafa ta kumbura kamar turmi,
na ga jini ya ƙi daskarewa a kwalba,
na rufe idon manomin da kububuwa ta riga mu.
Ran da na ajiye farar riga
na ce ni da mai jan ciki haihata-haihata.

Sai Barau gardi ya rasu farkon damina,
ya bar akwatin katako a bayan shagon Istifanus.
Kwana tara ba wanda ya ɗaga murfi.
Manya suka ce a kawo kananzir.
Har yau ban san abin da ya kai hannuna ba.

Tana ciki a naɗe kamar gammo,
tsawonta bai fi kamu huɗu ba,
ita da ɓeran da aka jefa mata tun Barau na da rai.
Ba ta ci shi ba. Shi ya ci ta.
Taki ɗaya daga wuya, ɓangaren hagu,
ya ɓare mata fata faɗin kwabo.

Na tafasa ruwa na bar shi ya huce,
gishiri a bakin cokali, auduga,
aidin da na sirka har ya koma kalar shayi.
Tasalla jikata ta riƙe wutsiya
tana karanto duk addu'ar da ta iya,
har da ta cin abinci.
Mesa ta yi huci sau ɗaya, kamar tayar keke na sacewa,
ta cusa kai ƙarƙashin jikinta.

Na kwashe ƙasar akwatin na shimfiɗa tsohuwar jarida,
kada tsakuwa ta shiga ciwon.
Kaskon ruwa a kusurwa.
Da hantsi in jawo ta inda rana ke taɓa rabi,
rabi inuwa, ta zaɓa da kanta.

Saraya ta daina aiko yaro aron rariya.
Ta bisa katanga ta ce, Sista, kin manta Ayuba?
Ban manta ba.
Ni na yanka masa ƙafar wando da almakashi.
Na ce wannan ba ta da dafi,
ta ce duk kanwar ja ce.
Na ja bakina,
wadda ta binne ɗa ba a yi mata bayani.

Kullum safe ina dubawa:
ba mugunya, ba wari,
bakin ciwon na tsukewa, ya fara ɓawo.
Ina rubutawa a littafi, sabo turken wawa,
kwanan wata, faɗin miki, ta ci, ba ta ci ba.
Wurin suna na bar shi fili.

Mako na uku idonta ya yi fari kamar an ɗiga nono.
Gabana ya faɗi, na ce makanta ce.
Ashe saɓa za ta yi.
Da asuba na tarar da tsohuwar riga jikin kasko,
a juye, kamar safar da yaro ya tuɓe da sauri,
da ɗan rami daidai inda ɓera ya yi ɓarna.
A sabuwar kuwa tabo ne siriri,
zanen bai haɗu daidai ba,
ɗinkin ɗan koyo.

Ran nan ta karɓi ɓera, matacce,
daga bakin hantsakin aikina na da.

Ba ta san ni ba, ba na ruɗin kaina.
Harshe ya fito ya ɗanɗani iska,
ya ji aidin da sabulu, ya koma.
Ma'aikacin gandun daji ya ce sai bayan girbi
zai zo ya ga ko za ta iya zaman dutse,
ita da tun tana kamar igiyar guga a akwati take.

Jiya na fito alwala
na ga tarko a kan katanga, da ɓera a ciki,
ba sallama, ba saƙo.
Na leƙa. Ƙofar Saraya a rufe,
hayaƙi na tashi daga madafinta.