Saura Dubu Huɗu

A gwangwanin madarar da Inna ta bari
na tarar da ƙullin leda da takarda a naɗe.
Rubutun ƙanina ne, ita ba ta rubutu:
Gwamma ta gungu, kuɗin banda, saura dubu huɗu.

Bayan sadakar arba'in na sauka Yelwa.
Bakin kwata ƙarnin kifi da warin man inji,
buhunan albasa sun kai tsayin mutum.
Ɗanjimma ya dube ni, ya dubi takalmina,
ya ce, tuɓe su, malam, ruwa bai san mai sheƙi ba.

Mu goma sha bakwai, da babur, da awaki biyu,
da wata mata zaune a kan buhun gishiri
tana ɓare gyaɗa tana jefa ɓawon a Kwara.
Injin ya yi tari sau uku kafin ya yarda.

Kogin ya buɗe har na rasa gaɓarsa,
can kuma ya rarrabu kamar yatsun hannu,
kowane yatsa da nasa burgu,
da nasa zalɓe tsaye a ƙafa ɗaya.
Kainuwa ta shaƙe farfela.
Ɗanjimma ya kashe inji ya ɗauki gwangwala.
Nan dorina ke wuni, in ji shi.
Kowa ya yi tsit, har awakin.
Ba a jin komai sai ƙoƙon yaro mai kwalfar ruwa
yana kankarar cikin jirgi.

Na tambayi ina garin.
Ya nuna kan wata tsamiya a tsakiyar ruwa:
can yake bara.
Sun ɗauke jinkarsu sun matsa tudu.
Haka suke, ruwa ya zo su ba shi wuri,
ya janye su bi sawunsa da dashen albasa.

Da la'asar sakaliya muka taɓa ƙasa.
Taru a shanye, hayaƙi na tashi daga murhun laka,
yara suka kewaye ni da yaren da ba na ji,
ɗaya ya kama ɗan yatsana ya ja.

Tana zaune tana feɗe tarwaɗa.
Ba ta tambayi sunana ba.
Wanga goshin Delu ne, ta ce.
Ta ajiye wuƙa.
Yaushe?
Na faɗa mata.
Ta daɗe tana wanke hannu a ƙwarya,
har bayan da babu sauran abin wankewa.

Na miƙa kuɗin.
Ta ƙirga, ta maimaita, ta yi 'yar dariya.
Shekara talatin uwarka tana saye gare ni,
ba ta taɓa biya duka ba.
Ba don babu ba ne.
Cewa take, wanda ya biya kaf ya yi ban kwana.
Ragowar nan ita ce turken da take ɗaure jirginta.

Na kwana a bukkar ɗanta.
Tuwon shinkafa, miyar ragon ruwa, sauro kamar an aiko su,
ruwa yana lasar ƙasa taku goma daga kaina.
Ban yi kuka a maƙabarta ba.
A nan na yi.

Da asuba ta cika mini kwando,
baƙin banda mai ƙamshin kirya.
Dubu shida, ta ce.
Na zaro shida.
Ta zare biyu, ta naɗe mini yatsu a kan sauran.

Jirgi ya tashi.
Takalmina a hammata, kwando tsakanin gwiwoyi,
na juya takardar nan, na ari biro wurin mai babur.
Igiyar ruwa ta karkata mini rubutun,
amma yana karantuwa.