Sunan Waje, Sunan Gida

Na sayi suna da kuɗin fatar jar akuya uku,
sunan baba ne, Ladan baduku na Madunka,
don jakunkunan da yake ɗinki tun ban yi wayo ba
su sami rumfa a kasuwar da ba a takawa da ƙafa.

Tsohuwar kwamfuta na ɗora kan bulo biyu
ƙarƙashin teburin yanka.
Zafin Sakkwato ya sa fankarta tari,
na jawo tulu kusa da ita.

Rauta na bisa taga da korayen idanu,
mai gadi ne da ba ya amsa sallama.
Baƙo ya iso zaure, sai ya ce masa:
wa kake nema? Gidan nan muna da yawa,
ga wayar Ige, ga ta Modi, ga ta maƙwabcin da ya saci mabuɗi.

Na yi masa wasiyya a rubuce:
wanda ya buga ƙofa ta tamanin,
ko ta ɗari huɗu da arba'in da uku,
kai shi ɗakin tsohuwa, kada ka tambayi asalinsa.
Ita kuma na kafa mata turke,
lamba ɗaya, kada ta kwana nan ta tashi can.

Na ɗaura wa suna aure da lambar waje.
Na zauna ina latsawa, ina latsawa.
Baba bai ɗago daga basilla ba:
"Mi kaka gaugawa? Ko jinjiri sai ya kwan bakwai."

Da azahar aka ɗauke wuta.
Ta dawo da la'asar, kamfani ya sauya mana lamba,
sunan ubana yana nuna gidan da ban sani ba.
Dole na ɗauki ɗan aike marar barci,
duk minti biyar ya ruga ya ce: mun tashi, ga inda muke.

Bayan isha'i na kira Hali a Illela.
Shiru. Kukan babur. Sai ihu:
"Ta buɗe! Ga jar jaka, ga tumtum, har da yatsan baba a hoto!"

Amma ni, taku uku daga tsohuwa,
na kira sunan, allo ya yi fari fat.
Illela na gani, zaure ya makance.

Inna ce ta warware, ba ta sani ba.
Ta leƙo da kwanon fura, ta ce: "Kai wannan, karɓi."
Shekara ashirin da shida ina ɗan fari,
ba ta taɓa kama sunana ba,
ban kuma taɓa ɓata mata ba.

Ashe cikin gida ba a kira da sunan waje.
Na buɗe ɗan littafin kwamfutata,
na rubuta suna, na bi shi da lambar ɗaki.
Ta buɗe.

Baba ya matso da fuska har hancinsa ya taɓa gilashi.
Ya daɗe.
"Ɗinkin ya hito," in ji shi.
"To ƙamshin bagaruwa, ta wace ƙofa za shi bi?"