Ɗaga Haɓa Kaɗan

Ina ɗan shekara sha huɗu
Inna ta kai ni rumfar Barmo mai fatu,
can bayan babbar kasuwar Maraɗi,
inda warin jima ke riga sallama isowa.
Fatun jar akuya jibge har rufi.
Yaro yake nema, mai ƙirga da ɗauri.

Bai tambayi sunana ba.
Haɓata ya kama, ya juya ni wajen haske
kamar mai duba fata ko wuƙa ta huda ta.
Ya ce, "Gira ta haɗe, ido ya faɗa rami.
Irin wannan ba a ba shi ajiyar mabuɗi.
Mai faɗin goshi nake so, mai wushirya,
shi arziki ke bi."
Inna ta gyara lulluɓi, ba ta ce uffan ba.
A hanya ta saya mini ƙuli-ƙuli na dala biyar,
na kasa haɗiyewa.

Na daɗe ina dakon maganar nan.
In aka ce kuɗi sun ɓace a gida
sai in ji hannuna ya yi nauyi,
ni da ban taɓa ba.
Sau biyu na sa reza tsakanin girata.
Gashi ya dawo, har ya fi da.

Yanzu hoto nake ɗauka kusa da tashar Madarunfa:
farin ƙyalle a bango, kujera ɗaya.
Na ɗauki mai wushirya da ya cinye gonar marayu,
na ɗauki mai harara-garke
da ta yi wata bakwai tana jinyar maƙwabciya.
Har da kyakkyawa mai kirki, har da mummuna mugu,
don kar ni ma in ce na gano wata doka.
Fuska takan ba da labarin rana,
da yunwa, da rashin barci, da hancin kaka.
Sauran kuwa sai an zauna da mutum.

Ran Laraba jikansa ya kawo shi kan kabu-kabu,
takardar asibiti ke son hoto.
Ciwo ya shanye masa ɓari guda,
baki ya karkace hagu, ido ɗaya ya ƙi rufuwa.
Duk 'yan fatu sun san hukuncinsa na da:
karkataccen baki, maƙaryaci.

Ya dube ni, ya tsaya kan girata.
Ko ya gane? Oho.
Maganar da na yi shekara talatin ina wasawa
ta zo har bakina.

Na goge masa yawu da hankici,
na gyara masa zaman hula.
Na ce, "Baba, ɗaga haɓa kaɗan.
Dubi nan."

Hoto huɗu.
Na ƙirga canji a tafin jikan,
dala bayan dala,
tsohon yana kallo da idon da ba ya rufuwa.