Kawu Sallau Ya Tashi Sama

Dare uku ina sauke shi,
data na narkewa kamar gishiri a miya,
sai ranar Laraba bayan la'asar
ya tsaya cak a allon kwamfutata:
tsohon jirgi mai inji uku,
biyu a kwiɓi, ɗaya a gindin wutsiya,
irin da ya bar samanmu
tun ba a yanke mini cibiya ba.

Na rungumi kwamfutar sai Kurna, gidan Kawu Sallau.
Shekara talatin da ɗaya ya yi a filin jirgi,
ƙarƙashin fiffike, sifana a aljihu,
bai taɓa zama kujerar gaba ba
sai an kashe inji, an tokare taya.

Ya sa tabarau. Ya yi shiru.
Ya ce, matsa hagu. Ƙasa kaɗan. Tsaya nan.
Wannan agogon mai ne, wancan na zafi.
Wanda ya zana wannan ya shiga ciki,
ba labari aka ba shi ba.
Sai dai kujerun sun cika kyau,
namu duk shayi ya yi musu zane.
Kuma ina warin kananzir?
Jirgin da ba ya wari ai hoto ne.

Na ce, Kawu, mu tashi.
Ya ce, wa ya duba taya?
Dole na zagaya da shi da ɗan yatsa,
daga hanci har wutsiya,
yana leƙen ɗigon mai a kwaltar da babu ita.

Maɓalli goma sha bakwai kafin inji ya amsa.
Ni ina bin takarda, shi yana rigana da baki.
Na ɗaya ya yi tsaki, ya ja numfashi,
na biyu ya kama, na uku ya ɗauki kuka,
sai ga Inna Delu daga madafi, muciya a hannu:
Wannan ai na ƙarfe biyar ne!
Da shi nake ɗora tukunya,
in ya wuce, nasan maigida na hanya.

Muka ruga a titin jirgi.
Ya ce, kar ki ja tukuna, yana da nauyin jiki,
dattijo ne, lallashinsa ake.
Na lallasa. Ƙasa ta sake mu.

Ga Kano a ƙasa, amma wata Kano:
Dala ta kwanta kamar an yi mata guga,
Goron Dutse ko alama,
Kurna fili ne fetal da bishiyoyin wata ƙasa.
Ya nemi rufin gidansa har ya gaji.
Ya ce, sun san jirgi, ba su san gari ba.

Can allurar inji na biyu ta fara rawa.
Kafin in yi magana
ya ƙwanƙwasa gilashin kwamfutar da gaɓar yatsa,
sau biyu, a hankali,
kamar mai sallama a ƙofar tsohon aboki.
Allurar ba ta ji ba.
Ya yi dariya har da tari:
Haka take. Har halinta suka kwaso.

Saukar kuwa, kar a tona.
Na buga shi da ƙasa, ya yi tsalle, ya sake bugawa.
Kawu ya dafe kai:
Kin kashe taya huɗu, Zinatu.
Wani bawan Allah yau ba zai kwana gida ba.

Ladan ya kira magariba.
Na kai hannu zan rufe, ya riƙe ni:
Ba a barin jirgi haka.
Kashe na uku, kashe na biyu, sa birki.
Ya ɗauki buta, ya tsaya a bakin ƙofa.
Gobe ki zo da wuri.
Ni zan ja.