Karen Mota

Shekara huɗu ina bin Pijon Zanaidu,
ni ke ɗaure kaya, ni ke kwancewa,
ni ke sa wa taya dutse a gangare.
'Yan tasha suna kirana karen mota.
Na saba, har amsawa nake.

Sai wata Lahadi, kasuwar Mirya,
wani mai rake ya rasa jikka biyu ta haya,
ya biya da kwikwiyo,
ja, mai farin goshi, kunne ɗaya a karye.
Zanaidu ya ce sunansa Ba-Ruwanka.
Na yi dariya. Ashe da ni ake.

Tun asuba, kafin in cika radiyeta,
yana bisa kujerar gaba, ya miƙe,
kujerar da na yi damina biyu kafin in ɗana.
Na ce sauka. Ya yi hamma.
Zanaidu ya ce, "Hashiru, ai baya ta fi iska."
To ga ni bisa buhun barkono ina atishawa,
mai wutsiya yana gaba yana duban Damagaram
kamar shi ya ba da kwangilar gudron.

Ku gan shi in mota ta ɗauki wuta:
kai waje, harshe waje,
kunne mai lafiya ya kwanta, karyayyen yana tafi,
iska ta cika kumatu, ta yaye leɓe,
haƙora reras, kamar ango gaban mai hoto.
Yakan kai wa iska cizo, ya tauna, ya haɗiye,
ya sake kai mata.
Yawun kuwa ba ya da masauki sai rigata,
a garin da jarka ke kwana layin famfo.

Ɗan kabu-kabu ya wuce mu, haushi.
Duwatsun Birni, haushi.
Mai shayi da bai ce masa komai ba, haushi.
Amma ran da raƙumi ya leƙo ta taga a Kasuwar Dole,
sai muka nemi jarumi muka rasa,
yana ƙasan kujera, ya rungumi jak.

Karnukan mahauta sukan biyo mu da gudu,
shi ko kallo ba su ishe shi ba.
Har uwar da ta haife shi ta taɓa bin mu a Mirya,
ya ɗaga hanci, ya dubi gabas.
Allah ya raba mu da ɗan talaka a gidan gaba.

Ruwan farko, Zanaidu ya kunna abin share gilashi.
Dama, hagu, dama, hagu,
kansa na bi kamar mai jin wa'azi,
har jiri ya ɗebe shi ya amayar da tuwon jiya.
Ku faɗa mini wa ya wanke.

A shingen hanyar Takeita jandarma ya leƙo:
"Wannan fa, ina katinsa?"
"Karen mota ne, ranka ya daɗe."
"Na bayan fa?"
"Shi ma."
Har hularsa ta faɗi don dariya.

Yau sati uku Pijo tana garejin Sabon Gari,
an cire mata giya, tana zaune bisa duwatsu.
Kullum safe sai ya hau,
ya fid da kai, ya fid da harshe,
yana jiran iskar da ba ta zuwa,
ya juyo ya dube ni kamar ni na ɓoye ta.

Jiya da la'asar, da na ga ba kowa,
na shiga, na zauna wurin Zanaidu.
Hannu ɗaya a sitiyari,
ɗaya da kwali ina yi masa fifita,
bakina yana kukan inji.
Karyayyen kunnen ya motsa.
Sai da muka kai Magarya muka dawo.