Lamba Tara

In na rufe shagon ɗinki bayan isha'i,
na kakkaɓe zare daga gwiwar wandona,
sai in hau benci a ƙofar gida, nan Yelwa,
in zama kocin 'yan ƙwallo ashirin da uku
a cikin waya mai tsagaggen gilashi.
Garwa ba ta huce ba tukuna,
bango na amayar da ranar da ya haɗiya.

Lamba tara ya makara atisaye, karo na biyu.
Wasan ya jera mini zaɓi:
ja masa kunne, ci shi tara, ko kau da kai.
Na ce bari Tara ya san tara,
na zabge masa albashin mako.
'Yar fuskar da ke gefen sunansa,
wadda jiya take kore shar tana murmushi,
ta koma ja kamar attaruhu.

Kafin Asabar jan ya yaɗu.
Mai tsaron gida, ashe amininsa ne,
ya bar ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa.
Kyaftin ya same ni ya ce, koci, yara na magana.
Huɗu aka ɗura mana.
A hutun rabin lokaci na danna kalma mafi zafi,
na koma na tarar da mutum goma sha ɗaya
suna tafiya a fili kamar masu rakiyar gawa.

To, amma duniyar can tana da ƙofar baya.
Na koma ajiyar ranar Talata,
kafin tara, kafin huɗu,
na ja shi gefe, na zaɓi murya mai laushi.
Ya ce ya gode, ba zai sake ba.
A sabuwar Asabar ya ci biyu, ɗaya da ka.
Na yi ihu har Inna ta leƙo ta ce lafiya?

Lafiya lau, Inna.

Keke na uku, na kusa da taga,
yau kwana goma sha ɗaya yana lulluɓe da ƙyalle.
Garga ke hawansa.
Daga Pitowa yake zuwa, in ya sami mai ɗauko shi,
in bai samu ba ya fara da ƙafa.
Ranar ya shigo goma saura,
shaddar mutane jibge, mai ita a tsaye a kaina.
Na faɗi abin da na faɗa a gaban kowa,
na yanke masa sefa ɗari biyar.

Bai ce uffan ba.
Ya ƙarasa wuyan rigar, aiki tsaf, babu ƙwarzane,
ya naɗe tef ɗin awo,
ya ajiye almakashi bakinsa na kallon bango
yadda na koya masa.
Babu wata fuska da ta yi ja a gefen sunansa.
Da me zan gane?

Hayatu da Sali suna zuwa kan lokaci yanzu,
har su riga ni.
Sai dai ba mai kunna rediyo,
ba mai musun waye ya fi iya kai gwiwa,
tsaki ma sai zare ya tsinke.
Kyaftin bai zo ya ce mini yara na magana ba.
Ai ba sa maganar.

Ina da gwangwanin madara cike da maɓallai,
na ƙashi, na roba, na ƙarfe mai ruwan zinare.
Na zazzage su kan tebur ɗazu da rana.
Babu na komawa Talata a ciki.

An ɗauke wuta, caji saura kashi shida.
Wasan kofi na jira, lamba tara kore shar,
yana so in ƙara masa kwantiragi.
Sai ya jira.
Jibi Lahadi, kasuwar Pitowa.
In na ci karo da Garga wajen masu yadi,
zan ce maɓalli na zo saya,
sannan in tambaye shi ƙarfe nawa yake barin gida.